Shafi mai kwalliya ko mai saurin buɗewa?

Masu saida shinkafa a Birnin Kebbi da Argungu da yawa sun buɗe shafin intanet yanzu, kuma kukansu ɗaya ne, mutane na leƙowa su fice ba su taɓa komai ba. A lissafin Google Analytics, manhajar da ke ƙirga masu shiga shafi, wanda ya fita kafin daƙiƙa 10, bai buɗe shafi na biyu ba, bai yi oda ko wani abu ba, to ya tsere kenan.

Gyara biyu ake kawowa. Na farko a ƙara ado, bidiyon gona na wasa da kanshi, manyan hotuna masu zagayawa, ga akwatin da ke faɗowa wai ka saka lambarka. A kwamfutar mai haɗa shafin abin gwanin kyau ne wallahi, amma ka ɗauki mai ƙaramar waya a Yauri, netwok na rawa, data saura kaɗan, farin allo kawai yake kallo, mi zai tsaya jira? Google ma a 2016 ta ce kashi 53 na masu shiga da waya suna barin shafin da ya wuce daƙiƙa 3 bai buɗe ba.

Na biyu a rage nauyi. A matse hotuna zuwa WebP, wato tsarin hoto mara nauyi, a cire bidiyon, farashin buhu mai kilo 50 ya fito a sama, maɓallin WhatsApp a ƙarƙashinshi. Ba shi da burgewa sosai, na yarda, amma ni shi nake ba ɗan kasuwa shawara, sannan ya gwada shafin a ɓangaren waya na PageSpeed Insights, shafin Google mai auna saurin buɗewa, kafin ya biya sauran kuɗin aikin.