DaVinci Resolve a hannun ɗalibin digiri na biyu a fannin fim

Ɗalibin da ke karatun fim a matakin digiri na biyu ko na digirgir aiki iri biyu yake nema daga manhajar tace fim. Akwai fim ɗin kansa da zai gabatar a ƙarshen karatu, akwai kuma tsoffin finafinai da zai riƙa farkewa yana duba yadda aka ɗinke su. A kan waɗannan biyun muka auna DaVinci Resolve, manhajar kamfanin Blackmagic Design na ƙasar Ostareliya, wanda ya sayi ainihin masu ita a 2009.

Tana zuwa iri biyu: ta kyauta, da Studio wadda ake biyan dala 295 sau ɗaya, babu kuɗin wata. Ta kyautar ba ɗanɗano ba ce. Shafukan yanka da jera hoto, gyaran launi, haɗa sauti a Fairlight da siddabarun hoto a Fusion duk suna ciki, kuma ba ta buga tambarinta a kan aikin da aka yi da kayan kyauta. Iyakarta ita ce fitar da fim a girman ɗigon hoto 3840 a faɗi da 2160 a tsayi, firem 60 a daƙiƙa (firem shi ne kowane hoto guda cikin jerin hotunan da ke haɗuwa su zama bidiyo). Da wuya fim ɗin kammala karatu ya buƙaci fiye da haka.

Inda ta fi burge mu shi ne wajen nazari. A shafin Media akwai Scene Cut Detection, wanda ke bin fim daga farko zuwa ƙarshe yana sa alama duk inda aka yanka. Ga mai bin hanyar ƙididdigar salo da masanin tarihin fim Barry Salt ya fito da ita a shekarun 1970, wannan ragin wahala ne babba. Fim mai minti 90 daƙiƙa 5,400 ke nan. Idan an samu yanka 600, matsakaicin tsawon kowace ɗauka daƙiƙa 9 ne. Sai dai kada a ɗauki adadin da ta bayar a zuba cikin kundi kai tsaye. Bambancin firem da na bayansa take dubawa, don haka walƙiya, harbin bindiga ko saurin juya kyamara sukan ruɗe ta ta ƙirga yankan da babu shi. Inda kuma hoto ya narke cikin wani a hankali, abin da ya cika finafinan shekarun 1930 da 1940, sau da yawa takan wuce ba ta gani ba. Akwai layin da ake ja sama ko ƙasa don rage ko ƙara tsananin bincikenta, amma dole mutum ya bi alamomin ɗaya bayan ɗaya da idonsa.

Gwajin Kuleshov ma, wato ɗaukar fuska ɗaya a jera ta da hotuna mabambanta a ga yadda ma'anarta ke sauyawa, aikin 'yan mintuna ne a shafin Edit. Malamin da ke koyar da ra'ayin 'yan Sobiyet game da jeren hoto zai iya sa kowane ɗalibi ya haɗa nasa.

Babban tarkonta gudun firem ne, kuma nan ya kamata a dakata. Da zarar an shigo da bidiyo cikin aiki, wurin sauya gudun firem a Project Settings yakan kulle. Wanda ya fara a 30 alhali fim ɗinsa 24 ne sai ya buɗe sabon layin aiki (timeline, inda ake jera hotuna) da nasa saitin ya sake jera kaya. Saboda haka a saita shi tun kafin a jawo fayil ko ɗaya. Ga masu tarihi lamarin ya fi haka sarƙaƙiya. Firem 24 a daƙiƙa ya zauna ne bayan shigowar sauti a ƙarshen shekarun 1920. Kafin nan galibi da hannu ake juya kyamara, finafinai da yawa kuma an ɗauke su tsakanin 16 da 20. Fim ɗin 16 da aka kunna a 24 gudunsa ya ƙaru da rabi, shi ya sa mutanen ciki ke tafiya kamar ana kora su. Ana gyara wannan a Clip Attributes, amma sai an tabbatar fayil ɗin firem-firem aka kwafo shi, domin wasu kwafin an riga an maimaita firem a cikinsu don su dace da 24. Faifan DVD na tsarin PAL (tsarin talabijin na Turai da Najeriya) kuwa a 25 yake gudu, fim mai minti 100 yakan koma 96, muryoyi su ɗan tashi. Duk lissafin da aka yi a kansa ya gajarta da kashi 4 cikin ɗari.

Haka siffar allo. Idan aka jefa fim mai faɗin 1.37 (faɗinsa ya ninka tsayinsa sau 1.37), ma'aunin da aka tsayar a Hollywood a 1932, cikin layin aiki mai faɗin talabijin na yau, a bar shi da baƙin gefe hagu da dama. Zaɓin cika allo yana sare kai da ƙafa, kuma wanda ke rubutu kan tsarin hoto bai da uzurin nuna hoton da ya datse da kansa.

Shafin Color shi ne asalin sana'ar wannan manhaja, kuma ma'aunansa na haske da launi sun fi ido gaskiya. Maimakon ɗalibi ya rubuta cewa fitowa kaza tana da duhu, zai iya nuna inda hasken fuska ya tsaya da inda inuwa ta nutse. Koyon aiki da ƙulle-ƙullen gyaran launi (nodes, matakan gyara da ake haɗawa ɗaya bayan ɗaya) yana cin lokaci. Masu Mac kuma su sani cewa fim da aka gyara a ma'aunin launi na Rec.709 gamma 2.4 yakan fito a koɗe a QuickTime, manhajar kallon bidiyo ta Mac. Bambancin yadda manhajojin biyu ke karanta alamar launi ne, kada a koma a ƙara masa duhu.

Kuɗin da ba a biya wajen manhaja kwamfuta ce ke karɓarsa. A Windows ana buƙatar RAM (ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta) gigabait 16, Fusion kuma 32 yake so, sannan katin hoto mai ƙaramar ƙwaƙwalwa zai riƙa tsayar da aiki da saƙon cewa ya cika. Maganin shi ne a ƙirƙiri ƙananan kwafin bidiyo a yi yankan da su, a koma na asali wajen fitarwa. Bidiyon waya mai gudun firem da ke hawa da sauka yakan sa baki da murya su rabu a doguwar hira, sai an mayar da shi tsayayyen gudu kafin a shigo da shi. Ta kyauta a Windows takan gaza buɗe wasu fayilolin 10-bit (masu zurfin launi) na kyamarorin zamani, kuma rage ƙurar hoton dare sai a Studio. Waɗannan biyun ne dalilin da muke ganin ya isa ɗalibi ya biya.

Wani abu da ke jawo kuka ana gab da miƙa aiki: Resolve ba ta ajiye aiki a matsayin fayil kusa da bidiyo, cikin rumbunta take ɓoye shi. Kwafe jakar bidiyo zuwa wani faifai bai kwafe tacewar ba. A kunna Live Save da Project Backups tun ranar farko, duk mako kuma a fitar da Project Archive zuwa faifai na daban, domin shi ne ke tattara aikin da bidiyonsa wuri guda.