Gargaɗi kan wani mai tallan kayan gyaran jita da ya cinye mini Naira 110,000

Ina rubuta wannan ne domin abokan sana'ata masu gyaran kayan kiɗa da na sauti a Kano, musamman na Sabon Gari da Fagge, su san cewa akwai wani mutum da yake tallata kayan aiki a Facebook, wanda da zarar ka yi masa magana sai ya ja ka zuwa WhatsApp ya raba ka da kuɗinka. Naira 110,000 ya karɓa a hannuna, kuma a cikin wannan Naira 110,000 ɗin, Naira 68,000 ba tawa ba ce, ta mai kaya ce da ya ba ni amana.

Wani makaɗi ne ya kawo mini jitar ƙarfe mai feda, irin wadda ake kwantarwa a kan ƙafafu huɗu ana goga mata sandar ƙarfe, wadda Demola Adepoju ya riƙa kaɗawa a ƙungiyar King Sunny Ade har duniya ta san amonta a farkon shekarun 1980. Tasa tsohuwa ce ƙirar Amurka mai tsirkiya 10 da feda 3, kuma ɗaya daga cikin fedojin ta daina jan tsirkiyarta. Duk wanda ya taɓa kifar da irin wannan jita ya leƙa cikinta ya san abin da ke wurin: feda tana juya wata sanda da ke gicciye, sandar tana jan wani siririn ƙarfe, shi kuma ya ɗame tsirkiya ko ya sassauta ta. Abin da ke riƙe da kan wannan siririn ƙarfe a jitarsa wani ɗan kilif ne mai siffar harafin E, wanda bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, yana zaune a cikin wani ɗan tsagi. Idan ka tura shi da sukundireba, ko dai ya lanƙwashe ko ya yi tsalle ya ɓace a cikin shago, kuma wurin ya matse ta yadda filaya ta yau da kullum ba ta shiga. Akwai abin aiki na musamman domin wannan, mai faffaɗan baki siriri da ya rabu biyu, wanda yake kama kilif ɗin ya zura shi a tsaginsa ba tare da ya kuɓuce ba. Na zagaya Ƙofar Ruwa da kasuwar Sabon Gari, abin da kowa yake miƙo mini shi ne filayar da kanikawa suke cire zoben cikin giyar mota da ita, mai tsini biyu da ke shiga 'yan ramukan zoben. Shi kuwa kilif mai siffar E ba shi da rami ko ɗaya, saboda haka wannan filaya ba ta da abin da za ta kama.

A nan ne na ci karo da tallan mutumin. Ina so a fahimci yadda ya yi mini magana, domin akwai waɗanda tun da suka ji labarin suke cewa ta yaya mutum mai shekaruna a sana'a zai tura kuɗi ga wanda bai taɓa gani ba. Da na bayyana masa abin da nake nema, bai ce mini akwai ba, bai kuma faɗi farashi ba. Cewa ya yi: "Malam, kafin mu yi maganar kuɗi, ka auna mini sandar tukuna. Idan jitar ƙirar Amurka ce, awonta na inci ne, kilif na milimita ba zai zauna daidai ba." Wannan magana gaskiya ce, kuma babu wanda ya faɗa mini ita a duk rumfunan da na shiga. Har ya ƙara da cewa kilif mai siffar E na awon Jamus lambarsa DIN 6799, zoben da ake sa wa sanda daga waje kuma DIN 471, kada in yarda a haɗa mini su. Na duba, na tarar haka abin yake. Duk mai sana'ar da aka yi wa wannan tambaya ta inci da milimita zai ɗauka cewa da ɗan'uwansa mai sana'a yake magana. Har yanzu ina komawa kan wannan saƙon ina karantawa, kuma ban ga wurin da mai hankali zai tsaya ya ce ɓarawo ne ya rubuta shi ba.

Muka yi ciniki a kan Naira 68,000, kuɗin abin aikin mai girma iri uku da fakitin kilif na awon inci. Mai jitar ya kawo kuɗin, na tura. Ban tura da ka ba, sai da na nemi ya nuna mini kayan, ya turo bidiyon wani hannu yana zura kilif a tsagi a kan tebur. Bidiyon ya zo ne kafin in tura Naira 68,000 ɗin, ko da yake hoton rasit ɗin shagon da ya ce nasa ne a Legas daga baya ya zo, lokacin da ya fara maganar kwastam. Ya kira ni da kansa, muryarsa a kwance, yana cewa: "Ranka ya daɗe, kayan suna tashar jirgi, Naira 27,000 kawai ta rage a fitar da su, ni ma ban so hakan ba." Tun da farko ya ce mini kayan suna shagonsa, amma a ranar ya ce waɗancan an sayar, sababbi ne suka iso. Na riga na sa kuɗin wani a ciki, mai jitar kuma yana da wasan biki a gabansa yana kirana safe da yamma, sai na tura Naira 27,000 daga aljihuna. Sunan da ke kan asusu na biyu ya bambanta da na farko, na kuma tambaye shi, ya ce na yaron shagonsa ne. Mu ma a nan Kano muna karɓar kuɗi ta asusun yaranmu ko na mai POS na kusa, saboda haka amsar ba ta zo mini a matsayin baƙon abu ba.

Sai kuma Naira 15,000 ta kuɗin mota. Idan aka haɗa 68,000 da 27,000 da 15,000, Naira 110,000 ke nan cif.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ya aiko da kaya. Da shiru ya yi, da na san asara ce kawai. Direba ya kira ni, na je tashar Unguwa Uku na karɓi wani ƙunshi da aka naɗe da salatif mai launin ƙasa, na kasa haƙuri na yage shi a nan bakin tasha. A ciki akwai filayar zobe mai jan mariƙi, irin wadda na ƙi saya a Ƙofar Ruwa, tsininta ɗaya ma a karkace, da wata leda mai ɗauke da washa masu tsatsa a maimakon kilif. Wato mutumin da ya gargaɗe ni kada in yarda a haɗa mini kilif mai siffar E da zobe, shi ne ya zauna ya naɗe mini filayar da ba ta aiki sai da rami. Ya san abin da yake yi sarai. Na kira shi daga tashar, ya ɗauka ya ce yaronsa ne ya yi kuskuren ƙunshi, za a musanya. Kafin dare hotonsa ya ɓace daga WhatsApp, layin kuma ya daina shiga. Bidiyon nan da na dogara da shi, wani yaron shagona ya gano mini shi a intanet, na wani Bature ne mai gyara, an yanke kansa da muryarsa an bar hannun.

Na kai ƙorafi banki, na kuma shigar da rahoto wurin 'yan sanda, an karɓi bayanina. Na mayar wa mai jitar Naira 68,000 ɗinsa daga kuɗina, domin ba shi ya yi cinikin ba, kuma ba zan bari a ce a Sabon Gari na ci kuɗin mai kaya ba. Ina da hotunan hirarmu daga farko har ƙarshe, da shaidar turawa guda uku, da hoton filayar da washa, kuma zan sanya su duka da zarar na rufe lambobin asusuna da ke jiki.

Kada ku tura kuɗi sai kaya sun shigo hannunku, kuma duk wanda ya kawo maganar kwastam bayan an gama ciniki ku yanke hulɗa da shi. Idan akwai mai gyaran agogo, injin ɗinki ko na'urar buga takardu a cikin gari da yake da abin zura ƙananan kilif masu siffar E, ina roƙon ya ara mini ko ya sayar mini, zan zo shagonsa da kaina in gani da idona, in biya a nan take.