Karatun Muhalli da Sauyin Yanayi: Ta Wace Ƙofa Za Ka Shiga?

Maganar ɗumamar duniya ba ta da sashe guda a jami'a. Masu kimiyya na cewa tasu ce, masu tattalin arziki ma haka, lauyoyi da injiniyoyi kowa na jan zarensa. Hatta IPCC, kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka kafa a 1988, sai da ya kasu gida uku: masu nazarin yanayin kansa, masu duba ɓarnar da yadda za a jure mata, da masu neman hanyar rage hayaƙi. Don haka kafin ka cike fom, tambayi kanka wane aiki kake so ka wuni kana yi, domin sunan kwas ba ya faɗa maka wannan.

Kimiyyar yanayi ita ce tushe, kuma ita ce mafi tsauri. A 1958 Charles Keeling ya fara auna iskar kabon a dutsen Mauna Loa na Hawaii, ya samu kusan kashi 315 cikin kowane kashi miliyan na iska. Yau ta haura 420. Aikin ke nan: auna abu ɗaya shekara da shekaru, sannan a zauna gaban kwamfuta ana gina lissafin da zai hango gobe. In lissafi mai zurfi da fizik ba sa shiga kanka, kada son muhalli ya ja ka nan, za ka sha wuya.

Nazarin halittu da kare dazuzzuka ya fi dacewa da mai son fita fili. Za ka tashi da asuba ƙirgar tsuntsaye, ka kafa turaku huɗu a ƙasa ka ƙidaya kowane tsiro da ke tsakaninsu, ka dawo da ƙaya a ƙafa da littafi cike da lambobi. Buƙatar masu wannan ilimi na nan, tunda a taron Montreal na 2022 ƙasashe sun yi alkawarin kare kashi 30 cikin ɗari na ƙasa da teku kafin 2030. Sai dai abin da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba: rabin aikin tare da mutane ake yin sa, manoma da makiyaya da masunta da ke ci daga wurin da ake son karewa. Kwas ɗin da bai koyar da zama da jama'a ba ya bar ka da ƙafa ɗaya. Elinor Ostrom ta samu kyautar Nobel a 2009 ne saboda ta nuna cewa al'umma kan iya tsare daji ko ruwan da suka yi tarayya a kai da dokokin da suka gindaya wa kansu.

Tattalin arziki, a ganina, nan gardama ta fi daɗi. Rahoton Nicholas Stern na 2006 ya ce a kashe kuɗi wajen rage hayaƙi yanzu, da gaggawa. William Nordhaus, wanda ya ci Nobel a 2018, ya ga a bi a hankali. Babban abin da ya raba su lamba ce guda: nawa ya kamata mu ƙimanta asarar da za ta sami jikokinmu nan da shekara ɗari? Ka ɗan motsa lambar, shawarar duka ta juye. Wanda irin wannan ke burge shi, kuma bai tsoron ƙididdiga, ya sami wurin zama.

Shari'a da siyasar ƙasa da ƙasa karatu ne da rubutu ba ƙaƙƙautawa. Za ka kwatanta yarjejeniyar Montreal ta 1987, wadda ta yi nasarar hana sinadaran da ke huda rufin ozon (iskar da ke sararin sama mai tare zafafan hasken rana masu cutarwa), da ta Paris ta 2015, inda kowace ƙasa ke yanka wa kanta alkawari. A 2019 kotun ƙolin Holan ta tilasta wa gwamnatinta rage hayaƙi, lauyoyi kuwa suka ga sabuwar hanya.

Injiniyanci ba ya buƙatar dogon bayani: hasken rana, batir, tace ruwa, sarrafa shara. Ko da ka bar harkar muhalli gobe, sana'arka na hannunka.

Saura kwasa-kwasan haɗaka, masu ɗibar kaɗan daga kowane fanni. Sunansu da daɗin ji, wasunsu kuma nagartattu ne, amma da yawa taɓa nan taɓa can ne. Ni dai na fi son mutum ya riƙe fanni ɗaya da kyau a digirin farko, ya yi haɗakar a na biyu. In kuwa haɗakar za ka fara da ita, nemi jerin darussan ka duba: akwai ƙididdiga ta gaske? Ana koyar da zana taswira da hotunan tauraron ɗan'adam? Akwai fita fili ko zaman koyon aiki? Sannan ka roƙi a nuna maka kundin binciken ɗaliban bara guda biyu ko uku, ka karanta su kafin ka sa hannu.