Tsohon allon tsalle: a canza allon kaɗai, ko a tumɓuke har da gindinsa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ɗan'uwanmu da ya sayi gida a Houston ya kawo tambaya. Gidan yana da kwamin ninƙaya a bayansa, da tsohon allon da ake hawa a daka tsalle cikin ruwa. Saman allon ya yi sulɓi, ƙasansa kuma ya fara tsagewa. Yana so ya san wanne ya fi: ya sayi sabon allo ya ɗaura a kan gindin da ya tarar, ko ya canza duka, allo da gindi.

Malam, tun kafin mu shiga kwatance, ka hana yara hawa allon nan daga yau. Yawancin allunan da ake sawa a gidajen Amurka katako ne a cikinsu, an lulluɓe shi da faiba, an kuma bi samansa da wani abu mai kaushi don kada ƙafa ta zame. Muddin lulluɓin ya tsage, ruwa ya samu hanya ke nan, katakon zai riƙa ruɓewa a ɓoye alhali daga waje allon yana nan kamar lafiyarsa ƙalau. Ka durƙusa ka leƙa ƙasansa da tocila, musamman daidai inda ya dogara a kan matokarinsa, wato abin da ke tokare shi daga ƙasa, da kewayen ramukan noti. Idan ka ga siraran layuka kamar gashi sun ratsa shi ta faɗi, ko ka danna da babban yatsa ka ji wurin ya lotsa, to ya gama aiki. Fenti ba ya gyara wannan, sai ma ya rufe tsagar ya ƙara santsi. Masu sana'ar sukan ce allo yana yin shekara 7 zuwa 10, kuma ranar Texas ba ta barin komai ya wuce wa'adinsa.

Canza allon kaɗai shi ne mai sauƙi. Noti biyu ne a bayan allon, a kwance su da sifana, a ɗauke tsohon, a ɗora sabo, mutum biyu za su gama kafin la'asar. Kuɗinsa 'yan ɗaruruwan daloli ne, kuma ba a taɓa kankare. Canza duka kuwa yana jawo mai aiki, da huda ko fasa daɓen siminti, da sabbin ƙusoshin da za su riƙe gindin, kuma idan aka haɗa kaya da ladan aiki yakan haura dala dubu. A wajen kuɗi da lokaci dai babu gardama, na farko ya yi gaba.

Amma sauƙin yana da sharaɗi, kuma sharaɗin ne mutane suke tsallakewa. Allo da gindinsa ba a haɗa su yadda aka ga dama. Kamfanin da ya ƙera su, misali S.R. Smith na jihar Oregon wanda kayansa suka cika gidajen Amurka, tare yake gwada su, kuma takardarsa tana faɗin wane allo ne ke hawa wane gindi. Abu uku ne sai sun dace: tazarar da ke tsakanin ramukan notin biyu, nisan da ke tsakanin notunan da matokarin da allon yake lanƙwasa a kansa, da tsawon allon, wanda a gidaje yakan zama ƙafa 6 ko 8 ko 10. Idan matokarin ya faɗo a wurin da ba a ƙarfafa allon ba, sabon ma zai tsage da wuri. Sannan iri biyu ne: akwai allo mai lanƙwasa da ke zama a kan gindi tsayayye, akwai kuma allo mai tauri da ke zama a kan gindi mai sifirin. Wanda ya ɗora mai lanƙwasa a kan gindi mai sifirin ya ninka ƙarfin cillawa, zai jefa yaro nesa da inda aka tanadar masa zurfi. Don haka wannan hanya tana yiwuwa ne kawai idan ka gane sunan kamfanin da samfurin gindin, ta lambar da ke manne a jikinsa ko a jikin allon. In lambar ta goge, kamfanin kuma ya daina yin irinsa, kada ka yarda wani ya ce zai huda sabbin ramuka a allon don ya zauna.

Sai lafiyar gindin kansa. Ka kama shi da hannu biyu ka girgiza. In ya motsa ko kaɗan, ko ka ga jan ruwan tsatsa ya zana a kan siminti kewaye da ƙusoshin, ko daɓen ya tsage ta wajensu, to sabon allo a kansa tamkar ɗora sabon jinka ne a kan ginin da gara ta cinye. Ƙusoshin nan a cikin kankare aka binne su tun ranar da aka zuba shi, kuma daidai wuyansu, inda ruwa ke kwanciya, tsatsa take cinyewa. Ƙasar Houston ma laka ce mai kumbura da damina ta tsuke da rani, tana yawan tsaga daɓe. Idan kwamin na ruwan gishiri ne, abin ya fi muni, don gishiri yana cin ƙarfe da sauri. Akwai gindin da aka yi musamman don irin wannan ruwan, kuma samunsa yana cikin ribar canza duka. Wata ribar ita ce garanti da takardar umarni da ta dace da abin da ke gabanka. Kada kuma a manta da waya: dokar wutar lantarki ta Amurka ta ce ƙarfen da ke cikin ƙafa 5 daga bakin ruwa sai an haɗa shi da wayar jan ƙarfe ta kwamin, wadda ake sawa don kada wuta ta ja mutum. Mai sa sabon gindi dole ya mayar da ita, kai kuma ka tsaya ka ga ya mayar.

Duk wannan bayan an auna ruwa ne, kuma a nan nake so ka fi ba da hankali, domin hanyoyin biyu duka suna faɗuwa idan ramin bai kai ba. Ƙa'idar da ake bi a Amurka wajen gina kwamin gida, mai suna ANSI/APSP/ICC-5, ta kasa kwamin da ke da allon tsalle gida biyar. Mafi ƙanƙanta sai wurin da ya fi zurfi ya kai ƙafa 7 da rabi, wato kusan mita 2.3, mafi girma kuma ƙafa 9. Allon ƙafa 10 yana son aƙalla ƙafa 8. Zurfi shi kaɗai kuma bai isa ba. Wanda ya diro da ka ba ƙasa yake tafiya kai tsaye ba, gaba yake yi a cikin ruwa, kuma abin da ke jiransa a gaba shi ne gangaren da ke haurawa zuwa ɓangaren da ba zurfi. A wannan gangaren ake karya wuya. Shi ya sa ƙa'idar ta ce kada haurawar ta wuce ƙafa 1 a cikin kowace ƙafa 3, ta kuma faɗi nisan da za a bari daga bakin allon kafin gangaren ya fara.

A shekarun 1990 wani matashi a jihar Washington ya diro daga irin wannan allon a gidan mutane, kansa ya bugi gangaren, lakarsa ta taɓu, hannuwa da ƙafafu suka shanye. Kotu ta ɗora wa ƙungiyar masu sana'ar ta lokacin, NSPI, biyan dala miliyan 6.6, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar a 2000. Tun daga nan magina da yawa suka daina sa allo a gidaje. Abin lura gare ka shi ne kasancewar ka tarar da allo a wurin ba shaida ba ce cewa ramin ya dace da shi. Wataƙila mai gidan na da ya ƙara tsawon allon, wataƙila tun farko an yi ramin a takure. Yaron da yake tsalle lafiya yana shekara 8, idan ya kai 16 ya yi tsawo da nauyi, ba ruwa ɗaya yake bukata ba. Ka samo mai sana'ar kwami ya auna zurfi da faɗi da gangare, ruwa yana daidai inda ya saba tsayawa, ya gwada da zanen da ke cikin takardar allon da kake son saye. Ka nemi ya rubuta maka.

Ka kuma kira kamfanin inshorar gidanka kafin ka biya kuɗin komai. Wasu suna ƙara kuɗi saboda allon tsalle, wasu ba sa ɗaukar gidan da ke da shi sam. Mu kuma gidajenmu ba sa rabuwa da baƙi, ranar suna ko sallah yaran abokai za su cika bayan gida, kuma alhakinsu a wuyan mai gida yake.

Ga yadda nake gani. Idan awo ya fito daidai, ka gane samfurin gindin, bai motsa ba, babu tsatsa, to ka sayi allon kaɗai, irinsa sak, tsawonsa ɗaya da wanda takarda ta yarda, ka haɗa da sabbin notuna da robar matokari. Tsofaffin kada su koma. Idan awo ya yi amma gindin ba a san asalinsa ba ko tsatsa ta fara cinsa, ka canza duka, kuma a gidan da aka saya hannun wani wannan ne ya fi yawan faruwa. Ka duba iyakar nauyin da aka rubuta allon zai ɗauka, yawanci fam 250 ne, kusan kilo 113, mutum ɗaya a lokaci ɗaya.

In kuwa awo bai kai ba, ko da inci kaɗan ne, babu ɗaya cikin biyun da zan ba ka shawara. A cire allo da gindi, a yanke ƙusoshin daidai da daɓe ko a nutsar da su a cike gurbin da siminti don kada su fasa ƙafar wani, a kuma rubuta a bakin ruwan cewa ba a dirowa da ka. Allah Ya sa albarka a gidan, Ya tsare iyali.