Garin ɓawon lemu a kasuwar Samaru

Jama'a garin ɓawon lemun da wata Hajiya ke saidawa a kasuwar Samaru ya yi wallahi. Sai ta wanke ɓawon tas ta shanya a inuwa kafin ta daka, shi ya sa bai yi baƙi ba, kana buɗe leda ƙamshi ya bugi hancinka. Rabin cokali a shayi da citta ya isa, in ka zarce ɗaci zai hana ka sha. Ɗanyen ɓawon nan fa ya fi tsokar lemun bitamin C, amma mutanenmu na ƙauyukan Giwa da Soba bola suke kaiwa, abin na damuna sosai. Matsalata ɗaya Hajiya, ki dinga rubuta ranar daka a jikin ledar.