Jagoran da ya kai mu dajin da ya zama dutse a Kurru

Shekara 21 ina haƙa rijiyar burtsatse tsakanin Sinnar da Gadarif a ƙasar Sudan, kuma dutsen yashin nan da injiniyoyi ke kira na Nuba ni a niƙe na san shi, yadda yake fitowa daga bakin rami gauraye da laka. Sai a sanyin farkon 2022, kafin yaƙi, na gan shi a tsaye. Mu huɗu muka tashi daga Mai Wurno zuwa Karima, kimanin kilomita 400 arewa da Khartum, muka ɗauki wani matashi jagora mai boksi, wato motar a-kori-kura, Bahaushe haifaffen Umdurman da ya karanta ilimin duwatsu.

Kuɗinsa ba arha ba ne, kuma ranar farko sai da hantsi ya iso. Amma da muka tsaya gindin Jabal Barkal, tsaunin nan mai kusan mita 100, na yafe masa. Bai fara da labarin fir'aunoni ba. Hannuna ya kama ya ɗora a jikin dutsen ya ce, "Baba, murza ka ji." Yashi ya zubo min a tafi. Ya nuna min layuka a karkace cikin dutsen, ya ce tsofaffin koguna ne suka jibge yashin hawa-hawa a zamanin Kiretashiyos, tsakanin shekara miliyan 145 zuwa 66 da suka wuce. Ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin yashin su ke riƙe irin ruwan da nake nema kullum, da kuma ruwan da Sudan da Masar da Libiya da Chadi suka yi tarayya a kansa a ƙarƙashin sahara. Haikalin da Taharƙa, wani sarkin zamanin da, ya sa aka fafe a jikin tsaunin kam mun leƙa a gurguje.

Washegari ne abin da na biya kuɗi dominsa. Bayan ƙauyen Kurru da ke kusa da Karima, cikin fili ba ko ciyawa, ga gungume-gungume kwance, wasu sun fi tsawon motarmu, sun kakkarye kamar an sassara su da gatari. Ɓawo na nan, gaɓar reshe na nan. Na ƙwanƙwasa da makulli, ya yi ƙara kamar tangaran. Ya ce ambaliya ce ta binne itatuwan, iska ba ta kai gare su ba balle su ruɓe, ruwa mai ɗauke da silika, sinadarin da ke cikin yashi, ya riƙa ratsa su har ya maye gurbin itacen. Ɗan ƙanwata ya ce, "Kawu, ashe nan daji ne?" Na kasa ba shi amsa, tasbihi kawai nake. A kan jabana, wato gahawa, da yamma ya ƙara mana da cewa a kwarin Wadil Milik masu bincike daga Jamus sun tono ƙasusuwan dinoso da kada da kunkuru.

Abu ɗaya ya sosa min rai. Wata motar baƙi ta tsaya, suna cika jaka da gutsattsarin, shi kuma ya kau da kai. Har ɗaya daga cikinmu ya ɗauka bai hana ba. Wanda ya san shekarun abin nan bai kamata ya yi shiru ba, kuma na faɗa masa a gaban kowa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaskiya ne, Baba."

Mai zuwa ya riƙe ruwansa da yawa, jarkar da ke motar ba ta isa mutum biyar ba. Lambarsa na nan a wayata. In Allah Ya kawo zaman lafiya hanya ta buɗe, da shi zan koma, in kai jikokina.