Annobar 1347: Takardu ko Haƙoran Matattu, Wanne Za a Fi Dogara da Shi?

Ɗan'uwa, ka tambaya wanne ya fi inganci wajen sanin annobar ɗa'un da ta ci Turai da ƙasashen Larabawa daga 1347 zuwa 1351: rubutun mutanen zamanin ko binciken ƙasusuwa. Ya danganta da abin da kake nema.

In sunan cutar kake so, haƙori ya fi takarda. Marubuta sun ambaci ƙurji a hammata da matsematsi, amma wannan bai isa hujja ba. Ƙwayar cutar na shiga jini, shi ya sa ake huda haƙorin mamaci a ɗebo garin cikinsa, inda jini ke bi lokacin da mutumin yake da rai. Da haka aka haɗa ƙwayoyin halittar (DNA) Yersinia pestis, ƙwayar da ke haddasa ɗa'un, a 2011 daga maƙabartar East Smithfield ta Landan. Cikas ɗinsa biyu ne. Zafi na lalata DNA, don haka samfuran Masar ba sa kai na Ingila kyau. Kuma rashin ganin ƙwayar a haƙori ba ya nufin ba ita ta kashe mutumin ba.

Yawan mamata kuwa aikin takarda ne, amma ba kowace ba. Matafiyi Ibn Battuta ya ce a Dimashƙa ana rasa kusan mutum 2,000 kullum a 1348. Shaida ce ta wanda ya gani, sai dai ƙiyasi ne. Na fi yarda da rajistar da ba don tarihi aka rubuta ta ba: a ƙauyukan Ingila na wancan zamanin, in manomi ya rasu, mai ƙasa na karɓar dabbarsa mafi kyau, kuma kotu ta rubuta. Matsalarta, magidanta kaɗai take ƙirgawa, mata da yara da yawa ba su shiga.

Akwai shaida ta uku da ake yawan mantawa, garin furanni da ya kwanta a lakar tafkuna, wanda ke nuna irin shukokin da aka noma a lokacin. Binciken 2022 a wurare 261 ya nuna noman hatsi ya rushe a Sukandinebiya da Faransa, amma bai rushe a Ayaland da sassan gabashin Turai ba.

Inda aka haɗa biyun farko, rubutu da haƙori, shi ne kusa da tafkin Issyk-Kul a Kirgistan. Duwatsun kaburbura sun ba da shekara, 1338 da 1339, har da kalmar annoba da harshen Suriyanci. Cikin mutum 7 da aka gwada haƙoransu, an samu ƙwayar a 3.